Yadda Ake Fitar da Iyago a Dandamali: Jagora ga Darakta da Ɗan Wasa

Shekarar da na fara haɗa wasan Otelo da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wata makarantar sakandare, yaron da ya fi kowa iya zare ido na ba wa Iyago, mugun da ke zuga janar Otelo har ya kashe matarsa Dasdimona. Muka ɗinka masa baƙar riga, ya koyi wata dariya mai fitowa daga maƙogwaro, yana tafe yana murza tafin hannu. Ranar wasa, ana tsakiyar wurin da yake zuga janar, sai wata dattijuwa cikin iyayen yara ta ɗaga murya daga kujerun baya: "Kai ɗan nan, ba ka da ido ne? Ko makaho ya shafa fuskar wannan ya san babu Allah a ransa!" Zaure ya ɗauki dariya, kuma dariyar ba ta sauka ba har wurin da Dasdimona ke roƙon a bar ta ta kwana da rai. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin yarinyar ta yi wata biyu tana atisayen wannan wurin. Laifin nawa ne, kuma dattijuwar gaskiya ta faɗa. In a fuska ake karanta muguntar mutum, duk wanda ya yarda da shi wawa ne, ba kuwa wanda ke zubar wa wawa hawaye.

Matakan da ke ƙasa su ne waɗanda nake bi tun daga lokacin. Na rubuta su ne don malamin da ke riƙe da ƙungiyar wasa, da ɗan wasan da aka ɗora wa wannan nauyi, ko da Turanci za ku yi ko kun mayar da shi Hausa.

Mataki na farko: ku zauna ku ba juna labarin da baki

Wiliyam Shekisfiya ya rubuta wasan ne wajen 1603 zuwa 1604, an kuma yi shi a fadar Sarki Jemis na Ɗaya a Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1604. Waɗanda suka zana jarrabawar adabin Turanci ta WAEC tsakanin 2016 da 2020 sun san shi, don shi aka ba su. Amma sanin jarrabawa daban, sanin dandamali daban. Kafin kowa ya haddace layi ɗaya, ku zauna a da'ira, kowa ya ba da labarin da bakinsa, ba littafi a hannu.

Ƙashin bayan labarin gajere ne. Otelo baƙar fata ne, bare, janar ɗin sojan birnin Benis na Italiya. Ya auri Dasdimona 'yar wani ɗan majalisa a ɓoye. Ya naɗa Kasiyo mataimakinsa, ya bar Iyago a matsayin mai riƙe masa tuta. A daren ne labari ya zo cewa jiragen yaƙin Turkawa sun nufi tsibirin Saifurus, aka tura janar. Guguwar teku ta tarwatsa jiragen kafin a harba ko kibiya ɗaya, sai aka bar sojoji a tsibiri, ba yaƙi, ba aikin yi. A wannan zaman ne Iyago ya sa aka tuɓe Kasiyo, ya cusa wa janar cewa matarsa na bin Kasiyo, har janar ya kashe ta a kan gadonta, gaskiya ta fito, ya kashe kansa.

Ka lura da inda kowa ke tuntuɓe wajen ba da labarin. Galibi a nan ne makircin yake da ƙulli, kuma a nan 'yan kallo ma za su ɓace.

Mataki na biyu: wa za ka ba Iyago?

Ka dubi 'yan ƙungiyarka. Wane ne ake ba ajiyar kuɗi in za a yi tafiya? Wa ake kira in biyu sun yi faɗa? Wa ke ba da dariya a bayan mota, wanda in bai zo ba ake jin zaman ya yi sanyi? Shi ne Iyagonka. A cikin wasan, kalmar Turancin da ke nufin mai gaskiya da riƙon amana ta fito wajen sau hamsin, kuma Iyago ne aka fi liƙa wa ita. Otelo na kiransa haka, Kasiyo na kiransa haka, har Dasdimona. In kuna fassarawa, ku zaɓi kalma guda, "amintacce" alal misali, ku riƙe ta daga farko har ƙarshe, kada ku sauya ta don gudun maimaici. Maimaicin ne ke aiki. Duk sanda aka ce "amintacce Iyago", ana ƙara ɗaure wa 'yan kallo ciki.

Edwin But, ɗan wasan Amurka da ya yi musayar Otelo da Iyago tare da Henri Abin a Landan a 1881, ya bar wa masu zuwa shawara: kada ka nuna mugunta a fuska ko a murya, ka dai riƙa tunaninta a ranka koyaushe. Ban san shawarar da ta fi wannan amfani ba a wannan aiki.

Abu biyu kuma. Iyago ya faɗi shekarunsa da bakinsa, bakwai sau huɗu, wato 28, saboda haka ba tsoho ba ne, saurayin soja ne mai jini a jika wanda ya ga yaƙi. Sannan ya fi Otelo yawan magana, layukansa sun haura dubu. Wanda ba ya son hadda, kada ka ba shi.

Mataki na uku: takardar ƙarya da gaskiya

Wannan matakin ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma ya fi biya. Ka ba ɗan wasan biro biyu, ja da shuɗi. Ya bi duk abin da Iyago ya faɗa wa wani, ya ja layin ja a ƙarƙashin ƙarya tsagwaronta, shuɗi a ƙarƙashin abin da yake gaskiya ne ko rabin gaskiya. In ya gama zai zo maka da mamaki, don shuɗi zai rinjayi ja nesa ba kusa ba.

Ƙaryar da ya shirga da gangan ƙidayayya ce. Ya gaya wa Montano, tsohon gwamnan tsibirin, cewa Kasiyo ba ya barci sai ya sha. Ya ƙirƙiro mafarkin da wai ya ji Kasiyo yana yi, yana ambaton Dasdimona cikin barci. Ya ce ya ga Kasiyo na goge gemu da hankicin matar. Daga baya ya ce Kasiyo ya amsa da bakinsa. Ka duba kuma lokacin da manyan suka zo: ba ɗaya da ya faɗa wa Otelo sai bayan dafin ya riga ya shiga jini. Kafin nan, da gaskiya yake yanka. Cewa Dasdimona ta ɓoye wa ubanta zancen auren, gaskiya ne. Cewa Kasiyo ya riƙa shiga tsakaninsu lokacin neman aure, janar ne da kansa ya faɗa. Cewa an ga Kasiyo ya bar wurinta da sauri da ya hango janar, kowa ya gani.

A bayan takardar, ya rubuta sunan kowane mutum da tsagar da ke jikinsa, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rodarigo, wani mutumin Benis, na son Dasdimona da ta riga ta yi aure, kuma yana da dukiya, sai Iyago ya riƙa nanata masa ya cika jakarsa da kuɗi, har ya ce zai sayar da filayensa. Barabanshiyo, uban yarinyar, tsoron abin kunya ne ke cinsa da ƙyamar surukin da ba jininsu ba. Kasiyo giya ba ta karɓe shi ba, ya san haka, amma yana jin nauyin ƙin tayin abokai. Emiliya, matar Iyago, so take ta faranta wa mijin da ba ya kallonta. Dasdimona kuwa, kirkinta ne tsagar. In ta ɗauki alkawarin taimakon mutum ba ta sakewa, don haka Iyago ya tura Kasiyo wurinta ya roƙi ta sa baki, yana sane cewa duk nacin da za ta yi, a kunnen miji zai zama shaida a kanta. Wannan ne ya fi komai tayar mini da tsigar jiki a wasan. Bai nemo wani aibi a wurinta ba, alherinta ya saƙa ya yi tarko.

Sai ɗan wasan ya gwada murya dabam ga kowane ɗayansu. Da Rodarigo, babban yaya ne mai rufa asiri. Da Kasiyo, abokin bariki. Ga misalin da nake sa su maimaita har ya zauna: bayan an tuɓe Kasiyo yana kukan mutuncinsa ya zube, Iyago ya ce masa mutunci ba komai ba ne, ana samunsa ba da cancanta ba, ana rasa shi ba da laifi ba. Washegari ya tsaya gaban Otelo ya ce wanda ya sace masa jakar kuɗi shara ya sata, sunan kirki shi ne dukiyar rai. Dole duka biyun su fito kamar daga zuciya. In ɗan wasan ya kashe wa 'yan kallo ido a ɗaya daga ciki, ka tsayar da shi ya sake.

Mataki na huɗu: me aka yi masa?

'Yan wasa kan so a ba su dalili guda su riƙe. Wasan bai ba da guda ba, tuli ya bayar. Da farko ya ce an tsallake shi an ba Kasiyo muƙami, mutumin Fulorans da ya san lissafi bai san filin daga ba, alhali janar ya ga jarumtarsa da idonsa. Can ya ce ana raɗe-raɗin Otelo ya san matarsa Emiliya, ya ƙara da cewa bai san ko gaskiya ba ne amma zai ɗauke shi tabbas. Can ya zargi Kasiyo da haka. Can ya ce shi ma yana son Dasdimona. Kusa da ƙarshe ya faɗi wata magana a gurguje, cewa akwai wani kyau a rayuwar Kasiyo ta yau da kullum da ke mayar da shi mummuna.

A tatsuniyar Jiraldi Cintiyo ta 1565, wadda Shekisfiya ya ɗauko labarin daga ciki, abin a fili yake: mai tutar ya so matar, bai samu ba, so ya koma ƙiyayya. Shekisfiya ya cire wannan saukin da gangan. Mawaƙin Ingila Kolrij ya ce abin da muke gani mugunta ce marar dalili tana farautar dalili. Ni ban tafi har can ba. Mun san hasada, mun san yadda mai ita ke kawo hujja yau, gobe ya kawo wata, alhali abin da ke cinsa guda ne: ganin wani yana zaune lafiya. Abin da nake gaya wa ɗan wasa shi ne, ya zaɓi wanda ya fi yi masa zafi a cikin dalilan, ya riƙe a ransa, kada ya gaya wa kowa, har ni. Sauran ya faɗe su kamar mai gwada hula a kasuwa, ya sa wannan ya cire, ya sa waccan.

Mataki na biyar: zance da 'yan kallo

Sau da dama kowa kan fita a bar Iyago shi kaɗai, ya juyo yana magana da zaure. A nan ne kurum ta ciki ke fitowa. Kada ya kalli sama, kada ya kalli bango. Ya zaɓi mutum a layi na biyu ya kalle shi ido cikin ido, ya koma kan wani. Ka sa mai fitila ya ɗan haska zauren a waɗannan wuraren.

Za su yi dariya, ka bar su. Iyago na da ban dariya, kuma wanda ya yi dariya da shi a kashi na ɗaya zai ji nauyinta a kashi na biyar, domin ya san komai bai hana komai ba. Abin da za ka tsare shi ne kada ya yi magana kamar wanda ya gama tsara komai tun a gida. A ƙarshen kashi na ɗaya yana cewa "bari in gani, ta yaya, ta yaya", a gabanmu yake ƙulla abin. A kashi na biyu ya ce dabarar na nan amma har yanzu a cakuɗe take. Ɗan wasan ya tsaya da gaske ya yi tunani a waɗannan wuraren, ko da shirun zai kai daƙiƙa biyar.

Mataki na shida: fitowa ta uku a kashi na uku

Rabin lokacin atisayenku a nan zai ƙare, kada ka ji asara. Kusa da farkon fitowar janar yana cewa in ya daina son matarsa duniya ta rikice, ta ƙare yana neman hanyar kashe ta. Duka a zama ɗaya. In wannan bai zauna ba, babu wasa.

Ka fara da ba su aikin hannu. Janar ya dawo ne daga duba ganuwa, saboda haka ka ajiye tebur da takardu, shi yana sa hannu, Iyago yana miƙo masa yana jerawa. Maganar farko, da suka hango Kasiyo na fita, "kai, ban so wannan ba", a ƙasan maƙoshi zai faɗe ta, kamar ta suɓuce masa, idonsa a kan takarda. Janar ya ce me ka ce, ya ce ba komai, ranka ya daɗe. Wanda ya taɓa zama da annamimi ya san wannan "ba komai" ɗin.

Daga nan sai salon maimaita magana. Janar ya ce ai Kasiyo ya sha shiga tsakaninmu, Iyago ya ce, "Ashe?" Janar ya ce ba mutumin kirki ba ne? Ya ce, "Na kirki, ranka ya daɗe?" Me kake tunani? "Tunani, ranka ya daɗe?" Bai zargi kowa ba. Rami yake haƙawa ya bar janar ya cika shi da hannunsa. Ɗan wasan ya taka mutumin da ke jin nauyin magana, wanda ake tatsar zance daga bakinsa yana nonnoƙewa, yana roƙon a ƙyale shi. Janar ne ke binsa. In kuka juya abin, Iyago na bin janar yana raɗa masa a kunne, kun koma kuskurena na farko.

Ga atisayen da ya fi yi mini aiki. Ka ba mai yin Otelo izinin ya tafa hannu ya ce "tsaya" duk inda shi a karan kansa bai yarda da abin da aka gaya masa ba. Da ya tafa, a koma farkon shafin. Ranar farko ba za ku wuce layi goma ba, Iyagon zai fusata. Ranar da suka kai ƙarshe ba tafi ko ɗaya, fitowar ta nuna.

Ka kula da tazara. Su fara da faɗin dandamali a tsakaninsu, Iyago ya matso ne kawai in an kira shi. Akwai wurin da ya yi sallama ya tafi, sannan ya dawo yana roƙon janar ya bar zancen kada ya zurfafa bincike. Ya fita sosai, a daina ganinsa, a bar Otelo shi kaɗai yana tambayar kansa me ya kai shi aure, sannan ya leƙo. Haka kuma gargaɗin da ya yi masa a kan kishi, dodo mai koren ido, da tausayi zai faɗe shi, irin na ƙanin da ke tsoron kada yayansa ya cutu. Shi ne ya fara ambatar kalmar kishi a tsakaninsu, a rigar nasiha.

Sai wurin da abin ya kusa kuɓuce masa. Otelo ya dawo a haukace ya shaƙe shi, ya ce ko ya kawo shaidar da ido zai gani ko ya baƙunci lahira. Tsoron nan na gaske ne, a bari a gan shi. A wannan matsin ne ya ƙirƙiro mafarkin Kasiyo, nan take, yana haki. Daga nan ba shi da hanyar komawa, dole wani ya mutu ko shi ya mutu.

Ƙarshen fitowar, janar ya durƙusa ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, Iyago ya ce kada ya tashi, ya durƙusa a gefensa ya yi tasa. Ka tsara shi kamar ɗaurin alkawari, a natse. Janar ya ba da umarnin a kashe Kasiyo cikin kwana uku. Iyago ya ce an gama, "amma ita a bar ta da rai". Har zuwa wannan lokacin ba a yanke mata hukunci ba, roƙon nasa ne ya jawo shi. Kada ɗan wasan ya danna wannan layin, ya faɗe shi da sauƙi. Nan janar ya ce masa yanzu kai ne mataimakina. Muƙamin da ya ce shi ya dame shi ya samu, kuma bai tsaya ba.

Mataki na bakwai: hankicin

Wani mai sharhi, Tomas Raima, ya yi wa wasan ba'a a 1693 saboda ɗan ƙyalle ya jawo kisa. Ga darakta kuwa, ƙyallen nan ɗan wasa ne, sai an yi masa atisaye. Hankici ne da aka yi wa surfanin sitiroberi, wani jan ɗan itace, kyautar farko da janar ya ba matarsa. Ku ɗinka babba, jan zaren ya fito yadda na kujerar ƙarshe zai gane shi, ku yi guda biyu don gudun ɓacewa.

Ka rubuta hanyarsa ka manna a bayan dandamali. Dasdimona ta ciro don ta ɗaure wa mijinta kai, shi da kansa ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta, ya faɗi. Emiliya ta tsinta, ta ba mijinta, wanda ya sha roƙonta ta sato masa. Shi ya yar a ɗakin Kasiyo. Kasiyo ya ba Biyanka, farkarsa, ta kwafi aikin. Biyanka ta dawo cikin fushi ta jefa masa, daidai lokacin da janar ke laɓe yana kallo. Wannan zuwan nata sa'a ce, Iyago bai shirya shi ba. A ga ɗan firgici a idonsa, sannan a ga ya cafke damar.

Faɗuwar hankicin ta kasance a tsakiyar dandamali, a bar shi a ƙasa na ɗan lokaci kowa ya gan shi. Kuma ka yanke shawara a kan Emiliya: tana tsaye a wurin sanda janar ke ta yi wa matarsa tsawa a kan hankicin, ta san inda yake, ta yi shiru. Ni nakan tsayar da ita inda 'yan kallo za su ga fuskarta.

Mataki na takwas: gudu, sutura da abin da zaure zai ɗauka

Daga saukarsu tsibirin zuwa mutuwar Dasdimona, dare ne da yini da wani daren. Da janar zai zauna da Kasiyo minti biyar, da komai ya warware. Saboda haka kada ka ba 'yan kallo sararin wannan tunanin. Ban da dogon sauya kayan dandamali, masu fita na fita masu shiga na shiga. Hutun rabin lokaci ka sa shi bayan tuɓe Kasiyo, in kuma lokacin salla zai ratsa wasan, ka tsara farawa yadda zai faɗo a nan.

A dandamalinmu kowa baƙi ne, don haka launin fata ba zai nuna baƙuntar Otelo ba. An taɓa yin irin haka a Ingila ma: a 2015 a garin Sitiratfod, Hiyu Kwashi haifaffen Gana ya fito Otelo, Lushiyan Msamati, shi ma baƙar fata, ya fito Iyago. Ku nuna bambancin ta sutura da karin harshe, yadda da ya buɗe baki za a san bare ne da ake girmamawa don ana buƙatarsa. Zagin da Iyago ke yi masa a daren farko, yana ɓoye a duhu ƙarƙashin tagar uban yarinyar yana tura Rodarigo gaba, kada ku goge shi duka. Ku rage batsar, ku bar ƙyamar.

Wurin shan giya, kofuna ba komai a ciki sun isa, waƙa da hayaniya ne ke ɗaukar fitowar. Gadon kuma mai labule ne tun a rubutun asali, sai ku yi amfani da labulen.

Mataki na tara: Emiliya, da shirun ƙarshe

Ka ba Emiliya 'yar wasa mai ƙarfi, domin ita kaɗai ce lissafin Iyago bai hau kanta ba. Ya raina ta har bai taɓa zaton za ta yi magana ba. Da janar ya gaya mata cewa mijinta ne ya kawo zancen, sai ta riƙa maimaita "Mijina?" Ku yi atisayen kowane ɗaya daban: na farko rashin fahimta, na biyu ƙin yarda, na gaba ganewa. Salon maimaicin da Iyago ya yi wa janar ne ya dawo masa gida. Ya ce ta yi shiru, ya ce ta tafi gida, ta ce ya dace ta yi masa biyayya amma ban da yau. Ya zage ta, ya soke ta a gaban jama'a, ya gudu. Wannan ne karon farko da sauran suka ga fuskar da zaure ya sani tun farko. Ya kasance da sauri, mummuna, ba wata gwaninta a ciki, don asirinsa ne ya tonu, ga kuma wasiƙun da aka samu a aljihun Rodarigo, wanda shi ya ƙarasa shi a duhu.

An kamo shi. Otelo ya dubi ƙafafunsa don ya ga ko kofato ne da shi irin na shaiɗan, ya sare shi, bai mutu ba. Ya ce a tambaye shi dalili. Amsar gajera ce: kada a tambaye shi komai, abin da suka sani sun sani, daga yanzu ba zai ƙara furta kalma ba. Mutumin da ya fi kowa magana ya kulle baki, kuma da sauran wasa a gaba. Yawancin 'yan wasa a nan suke sakin jiki, su tsaya kamar masu jiran a tashi. Ka ba shi aiki: ya saurari kowace kalma ta jawabin Otelo na ƙarshe, ya ga wuƙar kafin kowa ya gan ta, kada ya motsa. Ban da murmushi, ban da sunkuyar da kai. Ka tsayar da shi a gefe, ɗaure, tsakanin sojoji biyu, inda haske ke taɓa rabin fuskarsa.

Lodobiko, manzon Benis, zai umarce shi ya dubi abin da ke kan gadon, ya ce aikinka ne. A nan sai kun zaɓa, ko ya kalla ko ya ƙi. Ku gwada duka biyun a gaban mutum biyar da ba su san wasan ba, ku tambaye su wanne ya fi damunsu. Da na sake haɗa wasan da wani rukunin ɗalibai, mun zaɓi ya kalla, ya daɗe yana kallo, kamar magini yana duba katangar da ya gama. Na ce wa mai fitila ya ƙirga goma a ransa bayan an ja labulen gadon, sannan ya kashe.